Gargaɗi Kan Masu Sayar da Jabun "Tsofaffin Dardumomin Bukhara"

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan uwa masu zuwa Saudiyya da Dubai da Istanbul, da kuma masu sayayya daga gida ta wayar hannu, saboda wata damfara da ta fara samun gindin zama a tsakaninmu, wadda ake yi da sunan tsofaffin dardumomin salla na ƙabilun Turkumawa, wato mutanen Turkmenistan da maƙwabtanta, ba Turkawan Turkiyya ba. Masu wannan ɗanyen aiki suna tallata hajarsu a Instagram da Facebook da zaurukan WhatsApp. Wasunsu suna da shago na gaske kuma suna da dillalai masu jin Hausa da ke janyo musu alhazai, wasu kuwa ba su mallaki komai ba sai hotunan da suka kwaso daga shafukan manyan gidajen gwanjo na Turai.

Yadda suke ɗana tarkon bai cika canzawa ba. Za a nuna maka darduma ja mai duhu, mai siffar mihrabi ko abin da ya yi kama da shi, a ce ta shekara 200 ko fiye, an ɗauko ta daga wani tsohon masallaci a Bukhara, ko kuma gadon wani gidan malamai ce da talauci ya tilasta musu rabuwa da ita. Za a ambaci sunan Imamu Bukhari cikin ladabi domin zuciya ta yi laushi, sannan a ƙara da cewa a Landan ko Jamus ana sayar da irinta ninkin baninkin wannan kuɗi, don haka ga tabarruki ga jari. Da an ga ka fara sha'awa sai a ce wani Balarabe ya riga ya taya, gobe zai dawo da kuɗinsa, amma idan ka ajiye kafin alƙalami yau za a hana shi saboda zumuncin Musulunci. Wanda ya saya a shago yakan dawo gida da sabuwar darduma da aka tsufar da ita da gangan. Wanda ya saya ta waya kuwa, bayan kafin alƙalami za a nemi kuɗin inshora, sai na kwastan, sai na wata takardar izinin fitar da kayan tarihi, har ranar da zai kira ya ji lambar a kashe.

Abin da ya sa wannan zamba take daɗewa ba a tona ta ba shi ne kunya. Yawancin waɗanda ake cuta manyan mutane ne, kuma sau da yawa sun sayi dardumar ne domin su yi tsaraba ga malaminsu ko sarkinsu ko surukinsu, saboda haka ko sun gano gaskiya sukan gwammace su haɗiye abin su yi shiru. Wannan shirun shi ne jarin ɗan damfara.

Bari mu fara da sunan Bukhara, domin a kansa aka gina rabin ƙaryar. Bukhara birni ne a ƙasar Uzbekistan ta yau, mazaunansa galibi Uzbekawa da Tajikawa ne, kuma ya yi suna a ilimi da kasuwanci da surfani da saƙar alharini. Jajayen dardumomin da duniya take kira da sunansa ba mutanen birnin ne suka saƙa su ba. Matan ƙabilun Turkumawa ne suke saƙa su a rugagensu da ƙauyukansu, tsakanin Tekun Kasfiya da kogin Amu Darya, wanda littattafan Larabci suke kira Jaihun, a gefen hamadar Karakum, sannan fatake su kai su kasuwar Bukhara, daga can su wuce Rasha da Turai da sunan kasuwar da aka saye su. Imamu Bukhari kuwa ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, wato 870 Miladiyya, a kusa da Samarƙand. Mafi yawan tsofaffin dardumomin Turkumawa da suka rage a duniya na ƙarni na 19 ne, kuma 'yan ƙalilan da gwaji ya nuna sun kai ƙarni na 17 ko kafin haka suna gidajen adana kayan tarihi da hannun manyan masu tara irin waɗannan kaya. Babu wata hanya da za a haɗa darduma da zamanin wannan bawan Allah sai ta ƙarya.

Turkumawa ƙabilu ne daban-daban: Tekke, Yomut, Salor, Sarik, Ersari, Codor da Arabaci. Kowace tana da tambarinta da ake kira gul, wani zane mai kusurwa takwas ko makamancin haka da ake jerawa sahu-sahu a tsakiyar babbar darduma, kuma darajar wannan tambari a wurinsu ta kai har an sa guda 5 a jikin tutar Turkmenistan. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin da matan nan suka fi saƙawa shi ne kayan tanti: babbar shimfiɗar ƙasa, jakunkunan ajiya manya da ƙanana, ɗamarar da ake zagaye tanti da ita, adon raƙumin amarya, da labulen ƙofa. Dardumar salla mai gashi, wadda suke kira namazlik, tana cikin abin da ya fi ƙaranci a tsofaffin kayansu. A wajen Tekke da Salor da Sarik samunta abu ne mai wuya ƙwarai, har manyan dillalan duniya sukan yi shekaru ba ta shiga hannunsu ba. Saboda haka duk wanda ya buɗe maka ɗaki ya nuna maka tarin "tsofaffin sallayun Tekke" a jibge, ya ce ka zaɓa, ya riga ya tona kansa.

Inda aka fi samun tsohuwar sallayar Turkumawa ta gaske shi ne tsakiyar kwarin Amu Darya, wajejen garuruwan Beshir da Burdalik da Kerki, a lardin Lebap na Turkmenistan ta yau. Mutanen wannan yanki sun daɗe da zama wuri ɗaya suna noma, suna cuɗanya da mutanen birni, kuma a ƙarni na 19 suna ƙarƙashin Sarkin Bukhara. Daga nan ne zanen mihrabi, wanda asalinsa ginin masallaci ne kuma ya daɗe a dardumomin Farisa da na Daular Usmaniyya, ya shiga saƙarsu sosai, har sukan saƙa doguwar shimfiɗa mai mihrabai a jere domin sahun masallaci. Wannan ƙwayar gaskiya ita ce 'yan damfara suke rataya ƙaryarsu a kanta. Sallayar Beshir tana da kamanninta: mihrabi siriri mai tsawo, sau da yawa a kan farin fili, samansa kamar kai da kafaɗu, a ƙololuwarsa zanen ƙahonin rago guda biyu a lanƙwashe, cikinsa kuma cike da rassan rumman ko ƙananan furanni, wasu ma da zanen da aka aro daga tufafin alharinin Bukhara. Saƙarta ba ta da matsi sosai, ƙullinta manya ne idan aka gwada da na Tekke, kuma tana da laushi a hannu kamar bargo mai nauyi. Idan aka miƙo maka "Beshir" mai ƙyalli, mai ƙananan ƙulli a matse, mai tauri kamar allo, to ka mayar wa mai ita.

Akwai kuma wani abu da ya fi kowane yawa a hannun waɗannan mutane, wato labulen ƙofar tanti da ake kira ensi. Shimfiɗa ce mai gashi, girmanta ya yi kusa da na sallaya, an raba filinta gida huɗu da layi biyu da suka gitta juna, a ƙasanta akwai faffaɗan gindi mai zane dabam wanda babu irinsa a sama, a samanta kuma, musamman ta Tekke, akwai ɗan ƙaramin zane mai kama da baka. Wannan ɗan bakan ne ya sa 'yan kasuwar Turai na da suka riƙa sayar da ita a matsayin dardumar salla, suna kiranta hacli, wasu ma suna laƙaba mata sunan gimbiyar Bukhara. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa a bakin tanti ake rataye ta domin tare iska da ƙura, kuma a kan wasu tsofaffin har yanzu ana ganin igiyar ratayewa a kusurwoyin sama. Tsohuwar ensi ta gaske kaya ce mai daraja a kan kanta, amma wanda ya sayar maka da ita yana rantsuwa cewa malamai sun yi sujada a kanta a masallaci, ko dai bai san hajarsa ba ko kuma ya sani ya ɓoye, kuma dukansu biyun ba mutanen da za a miƙa wa miliyoyi ba ne. Haka nan ana cusa sallayun ƙabilar Baluc na Khurasan da yammacin Afganistan, waɗanda suke da yawa kuma sun fi araha, a ce na Turkumawa ne.

Sanin ɗan tarihi yana taimakawa wajen gane shekaru. Sojojin Rasha sun ci ganuwar Tekke ta Gokdepe a watan Janairun 1881, garin Marw ya shiga hannunsu a 1884, layin dogo kuma ya isa Samarƙand a 1888. Jirgin ƙasa ya kawo 'yan kasuwa masu neman darduma da yawa cikin gaggawa, ya kuma kawo rinin kanti na sinadari, wanda aka fara ƙirƙira a Ingila a 1856. Kafin wannan lokaci, ja daga saiwar wani tsiro ake samunsa, shuɗi daga baba, wani jan mai haske kuma daga wasu ƙananan ƙwari da ake busarwa a niƙa. Bayan haka sai launin ruwan lemo mai kaifi da ja mai zuba suka fara bayyana. Daga baya, a shekarun 1920 da 1930, Turkumawa da yawa suka tsere wa mulkin Sobiyet zuwa arewacin Afganistan, wajejen Andkhoi da Akca, wasu kuma zuwa Iran, suka ci gaba da saƙa. Da Sobiyet ta mamaye Afganistan a 1979 sai dubban masaƙa suka koma sansanonin gudun hijira a Pakistan, Peshawar ta zama babbar kasuwa. A Lahore kuma an daɗe ana saƙa darduma mai tambarin Tekke a kan zaren auduga, da ulu mai santsi da ake shigowa da shi daga waje. Ban da waɗannan ga na inji, irin waɗanda masana'antun Gaziantep a Turkiyya suke fitarwa da yawa.

Ina so a fahimce ni a nan, domin kada a zalunci masu gumi. Dardumar Afganistan ko ta Pakistan sabuwa halal ce, mai kyau ce, kuma matan da suka durƙusa watanni suna ƙulla ta da hannu sun cancanci a sayi aikinsu. Laifin yana kan wanda ya saye ta da kuɗi kaɗan, ya lalata ta domin ta yi kama da tsohuwa, ya sayar da ita a kan farashin kayan tarihi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma shi kansa a kan 'yar tabarmar kaba yake salla, don haka kada wani ya sa ka ji kamar tsufan darduma yana ƙara wa sujada lada.

Hanyoyin tsufarwar sanannu ne a wannan kasuwa. Ana wanke darduma da bilic ko soda mai ƙarfi domin launi ya dushe, a jiƙa ta da ruwan shayi domin fari ya koma ruwan ƙasa, a shanya ta a rana makonni, a shimfiɗa ta a hanya mutane da motoci su tattaka, a aske gashin ko a goge shi da dutse, a bi bayanta da wuta domin a ƙone ɓurɓushin sabon ulu, wani lokaci har a yi mata ɗan faci da gangan domin a ce gyaran kakanni ne. Idan kuma tsohuwa ce da gaske amma ta mutu, sai a bi wuraren da suka ƙoƙe da alƙalamin launi a shafe.

Wani ɗan uwana ya kawo mini irin wannan sabuwar da aka tsufar, wadda ya saya da kuɗi masu nauyi, tare da takarda mai tambarin zinariya. Muka shimfiɗa ta a tsakar gida da hantsi, domin hasken shago yana ɓoye abubuwa da yawa. Da na lanƙwasa ta na buɗe gashin da yatsa, sai ga saman zaren ya koɗe ya zama ruwan ƙasa, gindinsa kuwa ruwan lemo ne rau kamar jiya aka rina, alhali rinin saiwa ko ya dushe yakan zauna cikin danginsa daga sama har ƙasa. Na jiƙa farin hankici na goga a kan farin mihrabin, ya taso da launin shayi. Na ɗaga gezar, sai na ga ɗinka ta aka yi, a ƙarƙashinta kuma ga fararen zaren auduga an datse su an ɓoye. Bayanta yana warin ƙauri da na sinadari. Ƙoƙewarta kuma daidai take daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an bi ta da aska, alhali shimfiɗar da aka yi shekaru ana amfani da ita takan ci a wasu wurare ta bar wasu. Ɗan uwan nan bai ce komai ba, sai ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Batun gezar nan yana da muhimmanci, domin a dardumar hannu geza ita ce ƙarshen zaren tsaye da aka ƙulla dukkan saƙar a kansa, ba ado ba ne da ake liƙawa daga baya. A tsohuwar saƙar Turkumawa wannan zare na ulu ne, wani lokaci a gauraye da gashin akuya, launinsa fari-fari ko toka ko ruwan ƙasa. Ana samun auduga a zaren kwance na wasu ƙabilu kamar Codor, ana kuma samunta a fararen ɗigo na saƙar Sarik, amma zaren tsaye na farar audugar inji alama ce ta saƙar kasuwa ta baya-bayan nan. A juya dardumar a dubi bayanta da kyau. Matan nan a ƙasa suke kafa masaƙarsu, a kwance, kuma daga ka suke ɗauko zane, saboda haka za a ga layi ya ɗan karkace, tambari ɗaya ya ɗan fi wani faɗi, kusurwar gefe ba ta haɗu cif ba. Ta inji kuwa bayanta a miƙe yake sak, babu kuskure ko ɗaya. Shi ma ƙullin yana da magana: Tekke suna naɗe zare ɗaya su ratsa ƙarƙashin na biyu, Sarik na da da yawancin Yomut kuma suna naɗe duka biyun, don haka mai sayarwar da bai iya gaya maka irin ƙullin hajarsa ba bai cancanci a karɓi maganarsa kan ƙabila da shekaru ba. Idan an ce akwai alharini a ciki, a zare silin ɗaya a sa masa ashana: ulu da alharini suna warin gashi su murmushe, auduga da alharinin kanti suna warin takarda, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule.

Akwai sauyin launi da ake gani layi-layi a filin tsohuwar darduma, wanda yake faruwa saboda ulun ba a tukunya ɗaya aka rina shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san cewa tsomi biyu na baba ba sa fitowa daidai. Dillalai suna son nuna wannan a matsayin hujjar tsufa, amma masu saƙar jabu sun daɗe da koyon yin sa da gangan, saboda haka shi kaɗai ba ya tabbatar da komai. Haka ma rinin itatuwa, domin a yau akwai masaƙa da yawa da suka koma amfani da shi.

Takardar shaida ita ce abin da ya fi ruɗar mutanenmu. Takardar da shago ya buga wa kansa maganar mai shago ce kawai aka sa wa tambari. Wasu sukan rubuta cewa an yi gwajin kimiyya an gano dardumar ta shekarar kaza ce daidai, alhali gwajin sinadarin kabon, wanda ake auna shekarun tsofaffin kaya da shi, ba ya ba da shekara guda, kuma ga abin da aka yi tsakanin wajen 1650 da 1950 yakan ba da zango fiye da ɗaya, sai an haɗa da binciken rini da na saƙa kafin a yanke hukunci. Abin da gwajin yake iya nunawa a fili shi ne ulun da aka aske bayan wajen 1955, saboda gwaje-gwajen makaman nukiliya na wancan zamani sun bar alama a iska, kuma wannan shi ne gwajin da mai jabu ba zai yarda a yi ba. Rahoton gaske yana ɗauke da sunan ɗakin gwaji da lambar samfur da za ka iya tuntuɓa da kanka. Game da izinin fitarwa kuma, dokar Turkmenistan tana buƙatar mai fita da darduma ya sami takarda daga masanan Gidan Tarihin Darduma na Ashgabat da ke nuna cewa ba kayan tarihi ba ce. Saboda haka wanda ya ce zai aiko maka da darduma mai shekara 200 kai tsaye daga can, kuma ka biya kuɗin izini, yana gaya maka ne cewa ko dai ƙarya yake yi ko kuma fasa-ƙwauri yake so ya jefa ka ciki.

Ga masu saye ta waya, kada a yi cinikin biri a sama. A sa hoton tallar a Google Lens, manhajar da ke binciko hoto a intanet, domin sau da yawa za a tarar da shi a shafin wani gidan gwanjo, an sayar da kayan tun shekarun baya. A nemi kiran bidiyo kai tsaye, mai sayarwa ya riƙe dardumar a hasken rana, ya juya bayanta, ya buɗe gashin, ya ɗaga gezar, ya kuma ɗora takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan watan ranar. Kada a tura kuɗi zuwa asusun da sunansa ya saɓa da na shagon, ko ta kuɗin kirifto, ko ta hannun mai canjin da dillali ya zaɓa. Ga masu shiga shago kuma, a tambayi ɗan rakiya a fili ko yana da la'ada a cinikin, a nemi rasit da aka rubuta ƙabila da kimanin shekaru da irin zare da irin rini da sharaɗin mayarwa idan wani masani dabam ya saɓa, sannan a kai wa masanin da ba shi da alaƙa da shagon kafin a biya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, kuma ba ya cewa sai yau.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada ya ƙara tura ko kwabo da sunan kwastan ko da an yi masa barazanar cewa kayan za su salwanta. Ya adana hirarrakin da hotuna da lambobin asusu da rasit kafin a goge su, ya sanar da bankinsa nan take domin a yi ƙoƙarin tsayar da kuɗin, ya kai ƙara ga hukumar EFCC idan a Nijeriya yake ko ga 'yan sandan ƙasar da yake zaune, ya kai rahoton shafin ga kamfanin da ake tallar a kansa, sannan ya daure ya faɗa wa abokan tafiyarsa da shugabannin ƙungiyar kasuwarsu sunan shagon da dillalin da ya kai shi, tun kafin jirgin alhazai na gaba ya tashi.